Lissafin Kuɗin Asibiti Filla-Filla: Nawa Zai Ci wa Gwamnati?

Zuwa ga Edita,

 Yau ma ga ni na komo filin da ka saba ba ni, kuma abin da ya kawo ni shi ne takardar nan ta wani Malamin makaranta wadda ka buga makon jiya. Malamin ya yi kuka a kan yadda a ke karɓar kuɗi a asibitoci, a miƙo wa mutum 'yar takarda mai jimla guda, ba bayanin abin da aka yi masa da kuɗinsa. Ya ce ya kamata Gwamnati ta kafa doka, kowane asibiti ya riƙa ba majiyyaci lissafinsa filla-filla. Sa'an nan ya rufe da cewa wannan doka ba za ta ci wa Gwamnati ko anini ba, sa hannu ne kurum.

Malam, rabin maganarka na farko na karɓa hannu biyu. Rabin na biyun ne na ke so mu zauna mu warware, gama na yi shekaru da yawa ina aikin akawu a ofishin kuɗi, ban kuwa taɓa ganin dokar da ta shafi lissafi ta tsaya da ƙafarta ba sai an ciyar da masu tsaronta.

Bari in fara da abin da ya same ni, don kada Malam ya zaci ban san zafin abin ba. Bara da damina ƙanena ya kwanta kwana 6 a wani asibiti, aka yi masa aiki a ciki. Ran da za a sallame shi na tafi wurin mai karɓar kuɗi, ya yago wata 'yar takarda ya rubuta jimla, ya buga hatimi, ya turo mini ta taga. Kuɗin nan kuwa sai da aka kai bijimin huɗar ƙanena kasuwa kafin su cika. Na ce wa yaron, "Samari, wannan jimla ta mene ne da mene ne?" Ya ce, "Baba, kuɗin aiki ne da magani da gado." Na ce, "Na ji, amma nawa ne na aiki, nawa ne na magani, nawa ne na gado?" Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan kakan kakansa, ya ce shi dai abin da aka rubuto masa daga ɗakin jiyya ke nan.

Muka biya, muka kai majiyyaci gida, ni kuwa na koma. Na yi kwana 3 ina zarya daga wannan ofis zuwa wancan, kafin wata ma'aikaciyar jiyya mai kirki ta zauna da ni muka bi fayil ɗin layi layi. Muka tarar an rubuta ledar ƙarin ruwa 9, alhali 6 aka sa masa, muna zaune gefen gado muna ƙirgawa. An kuma lissafa masa kwana guda na gado wanda a gida ya yi shi. Amma don in faɗi gaskiya duka, mun tarar an yi masa awon jini sau biyu an manta ba a rubuta kuɗin ba. Watau dai ba sata aka shirya ba, littafi ne ya rasa mai tsare shi. Da aka cire na cirewa, aka ƙara na ƙarawa, sai aka mayar mana da abin da ya kai kuɗin buhun masara.

To, jama'a, ku lura da abin da ya komo da kuɗin nan. Sai da aka sami wanda ya iya karatun lissafi, aka sami fayil ɗin da za a gwada takardar da shi, aka kuma sami mai ikon cewa a mayar. Ni na samu waɗannan ne don naci da furfura da sa'a. Nufin doka kuwa shi ne kowa ya samu, har tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba ta san kowa ba. Nan ne kuɗi ke shigowa cikin maganar.

Ku dubi kasuwar hatsi. In hukuma ta ce kowa ya auna da mudu iri ɗaya, faɗar ba ta cin kome. Amma sai an ƙera mudun gwaji an ajiye, sai an sa mai zagawa yana duba mudun ma'auna, sai kuma an zaunar da wanda zai raba gardama in mai saye ya ce an tauye shi. Kowanensu albashi ya ke ci. Haka lissafin asibiti ya ke, kuma akwai ƙasashen da suka riga mu bin wannan hanya, suka rubuta abin da ta ci musu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Mu fara da Amurka, da ya ke ba ƙasar da ta kai ta kashe kuɗi a kan magani. A 2023 abin da ta kashe ya kai dala tiriliyan 4.9, watau kusan kashi 18 cikin 100 na dukan abin da ƙasar ta samar a shekarar. A can babu farashi guda. Kowane asibiti yana da kundin farashinsa, kowane kamfanin inshora kuma yana yin nasa cinikin da asibitin, har ya zama mutum biyu su kwanta a ɗaki ɗaya, a yi musu aiki iri ɗaya, lissafin wannan ya ninka na wancan.

Kafin a iya rubuta lissafi filla-filla sai an yarda da sunan kowane abu, don kada wannan asibiti ya kira shi wani suna, wancan ya kira shi wani. Tun 1966 ƙungiyar likitocin Amurka ta fara ba kowane aikin likita lambarsa, lambobin nan yanzu sun wuce 10,000. Cututtuka ma kowace da lambarta, kuma tun da aka koma sabon kundi a watan Oktoba 2015 lambobinsu sun kai wajen 70,000. Wannan sauyi sai da aka ɗaga ranarsa sau biyu, daga 2013 zuwa 2014, daga nan zuwa 2015, saboda wahalar gyaran kwamfutoci da koya wa akawuna sabon aiki. Bayan duk wannan, majiyyaci in ya karɓi takardarsa cike da lambobi, sai ya zama kamar an miƙa wa wanda bai yi boko ba jarida.

A 1997 Majalisar ƙasar ta yi dokar da ta yi kama da wadda Malam ke nema. Akwai wani shirin Gwamnati mai suna Medicare, wanda aka kafa a 1965 don biyan kuɗin maganin waɗanda suka kai shekara 65. Dokar ta ce duk wanda ke cikin shirin, in ya rubuta ya nemi lissafinsa filla-filla, wajibi ne a ba shi cikin kwana 30, wanda ya ƙi kuwa a ci shi tarar da ba ta wuce dala 100 ba. Wannan kam ta yi arha, gama abin da ta umurta takarda ce kurum. Sai dai takarda ba ta duba kanta. A 2023 Gwamnati da kanta ta ƙiyasta cewa kamar dala biliyan 31 na babban sashen shirin an biya su ba bisa ƙa'ida ba. Ba dukansu ne sata ba, da yawa rashin cikakkun takardun shaida ne, irin abin da na gani a fayil ɗin ƙanena. Tun 1996 akwai asusu na musamman wanda a ke biyan masu bin sawun maguɗi daga cikinsa, kuma rahotannin Gwamnati na 'yan shekarun baya sun nuna kowace dala guda da aka kashe musu takan komo da kamar dala 3 ko 4. Ashe mai duba littafi yana cin albashi, amma yana noma abincinsa har da rara.

Sa'an nan aka zo kan farashi. Daga 1 ga Janairu 2021 aka wajabta wa kowane asibiti ya buga farashinsa a intanet, har da abin da ya shirya da kowane kamfanin inshora, ya kuma ware ayyuka 300 waɗanda mutum kan iya shirya musu tun da wuri, ya bayyana kuɗinsu yadda talaka zai fahimta. Ƙungiyar asibitoci ta kai ƙara kotu don a hana, ta faɗi a 2020. Wanzami dai ba ya son jarfa. Tarar da aka yanka da fari dala 300 ce a yini, watau dala 109,500 a shekara. Ga babban asibitin da ke juya ɗaruruwan miliyoyi wannan ai kuɗin goro ne, saboda haka da yawa suka zaɓi su yi shiru su jira tarar. Daga 2022 aka ɗaga ta, ta koma dala 10 a kan kowane gado a yini ga manyan asibitoci, iyakarta dala 5,500 a yini, watau 'yan kai a kan dala miliyan 2 a shekara. Duk da haka sai a watan Yuni 2022, bayan wata 17 da fara dokar, aka fara cin wani tara: asibitoci biyu a Jihar Jojiya, jimlar kuɗin kamar dala miliyan 1.1. A watan Nuwamba 2024 ofishin Babban Mai Bincike na ma'aikatar lafiya ya fito da sakamakon duba asibitoci 100, ya sami 37 ba su cika sharuɗɗan ba. Asibitocin ƙasar kuwa sun kusa 6,000. Malam, wa zai zauna ya buɗe kundin kowane ɗayansu, ya gwada shi da doka, ya rubuta gargaɗi, ya komo bayan wata uku ya sake dubawa? Mutum ne mai iyali, mai jiran albashi ƙarshen wata.

Amma inda kuɗi suka fi zuba shi ne wajen raba gardama, kuma nan na ke so a saurara da kyau. Akwai wata cuta da ta daɗe tana damun mutanen Amurka. Mutum ya tafi asibitin da kamfanin inshorarsa ya yi yarjejeniya da shi, a yi masa aiki, ya koma gida hankali kwance. Bayan mako kaɗan sai ga takardar bashi daga likitan da ya sa shi barci, ko daga wanda ya karanta hotonsa, wai shi ba ya cikin yarjejeniyar, a biya shi nasa daban. Majiyyacin kuwa bai zaɓe shi ba, watakila ma bai taɓa ganin fuskarsa ba. A ƙarshen Disamba 2020 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar hana irin wannan lissafin ba-zata, ta fara aiki 1 ga Janairu 2022. Ta ce majiyyaci ya biya rabonsa da ya saba biya kurum, sauran kuwa likita da kamfanin inshora su sasanta tsakaninsu. In sun yi kwana 30 na aiki ba su shirya ba, sai su je gaban mai raba gardama, kowa ya rubuta kuɗin da ya ga ya dace, shi kuma ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun, ba ya raba tsakiya. Wanda ya faɗi shi ke biyan ladan mai raba gardamar. Dokar ta kuma ba wanda ba shi da inshora ikon a rubuta masa ƙiyasin kuɗi tun kafin a taɓa shi, in lissafin ƙarshe ya ɗara ƙiyasin da dala 400 ko fiye, yana da kwana 120 ya kai kuka, kuɗin shigar da kukan dala 25.

Majalisa ba ta yi zaton abin zai zo kyauta ba. Ta ware dala miliyan 500 don a kafa aikin, a kashe su har zuwa 2024. Ofishin da ke yi wa Majalisa ƙiyasin kasafi kuma ya ce dokar za ta rage kuɗin inshora da rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100, baitulmali ya tsira da kamar dala biliyan 17 cikin shekara 10. A takarda dai cinikin ya yi riba.

To, ga inda lissafi ya karkace. Ma'aikatun da aka ɗora wa aikin sun ƙiyasta za a kawo gardama kamar 22,000 a shekara. Aka buɗe ƙofa a watan Afrilu 2022, kafin ƙarshen Yuni 2023 an shigar da kusan 490,000, fiye da kashi 60 cikin 100 kuma suna nan jibge ba a yanke ba. A 2024 kaɗai waɗanda aka shigar sun wuce miliyan ɗaya. Kamar mutum ne ya yi shimfiɗa don baƙo ɗaya, gari duka ya zo kwana. Yawancin ƙararrakin daga 'yan manyan kamfanoni kaɗan su ke fitowa, masu ɗaukar likitoci aiki ko masu bi musu kuɗi, kuma ɓangaren likitoci ke cin nasara a kamar huɗu cikin kowace biyar da aka yanke. Wanda ya ga yana ci kullum, me zai hana shi komowa gobe? Wani babban rabo na wahalar ma ba yanke hukunci ba ne, tantancewa ce ko ƙarar ta cancanci shiga tun da fari.

Kowane ɓangare yana biyan Gwamnati wani kuɗi na tafiyar da aikin, kusan kamar ushirar da a kan cire a kotun alƙali a da. A 2022 dala 50 ne. Da takardu suka yi wa ma'aikata yawa, sai aka ɗaga shi zuwa dala 350 a 2023. Likitoci suka ce wannan zalunci ne, gama wanda ke bin dala 100 na karatun hoto ba zai biya 350 don ya nemi hakkinsa ba. Ƙungiyar likitocin Jihar Teksas ta kai ƙara, a watan Agusta 2023 kotu ta soke ƙarin, don an yi shi ba tare da an nemi ra'ayin jama'a yadda doka ta tanada ba. Aka koma 50, aka sake lissafi, a watan Janairu 2024 aka tsai da shi dala 115, bisa ƙiyasin cewa aikin yana cin fiye da dala miliyan 50 a shekara. Akwai kuma wani sashe na dokar wanda ya ce mai inshora ma a aiko masa da bayanin abin da zai biya kafin a yi masa aiki. An so a fara a 2022, aka ɗaga tun a watan Agusta 2021 don kwamfutocin asibitoci da na kamfanoni ba su jin maganar juna, har shekarar 2024 ta ƙare ba a fara ba.

Kada a ce na ce dokar ba ta yi amfani ba. Majiyyata da yawa sun huta da takardun bashin da ke zuwa musu ba zato. Abin da na ke nunawa shi ne gardamar ba ta mutu ba, ɗauke ta aka yi daga ƙofar gidan majiyyaci aka kai ofis, kuma ofis ɗin wani ke biyan hayarsa. Abin da kamfanoni suka kashe can, a kuɗin inshorar baɗi za su fanshe.

Yanzu mu ƙetara zuwa Japan, mu ga wata hanya. Tun 1961 kowane mutumin ƙasar yana cikin inshorar lafiya, kuma farashin kowane aikin likita guda ne daga wannan ƙarshen ƙasa zuwa wancan. Kowane aiki an yanka masa maki, kowane maki yen 10, ana sake duba kundin duk bayan shekara 2 bisa shawarar wata majalisa wadda likitoci da masu biya da wakilan jama'a ke zama cikinta. Yawancin mutane kashi 30 cikin 100 su ke biya daga aljihunsu. Duk da wannan tsari, an daɗe majiyyaci ba shi da ikon ganin takardar da asibiti ya aika wa masu biya a kansa.

Wani malamin makarantar sakandare mai suna Katsumura Hisashi, ɗan'uwanka a sana'a, Malam, shi ya tsaya a kan maganar. A 1990 'yarsa ta rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwarta, bayan an ba matarsa maganin gaggauta naƙuda. Ya nemi a nuna masa takardar lissafin don ya san abin da aka yi amfani da shi, aka hana shi. Bai bari ba. A 1997 ma'aikatar lafiya ta sauya ra'ayi, ta yarda a riƙa nuna wa majiyyata. A 2005 shi kansa ya zama ɗaya daga cikin 'yan majalisar nan ta farashi, kuma daga watan Afrilu 2010 aka wajabta wa asibitocin da ke aika lissafinsu ta kwamfuta su riƙa ba kowane majiyyaci cikakken bayani kyauta, ko bai roƙa ba. An ɗaga wa ƙananan wuraren da na'urarsu ba ta iya ba ƙafa, an kuma bar wa majiyyaci ikon cewa ba ya so, gama sunan magani kan iya tona cutar da mutum bai shirya ji ba. Shekara 20 ke nan tsakanin rasuwar yarinyar da fitowar takardar. Wannan labari ya nuna lissafi filla-filla ya wuce maganar kuɗi, shi ne kaɗai shaidar da ke hannun iyali ta abin da aka sa a jikin ɗan'uwansu.

Me ya sa Japan ba ta nutse cikin ƙararraki kamar Amurka ba? Don lissafin yana nan a rubuce tun da fari, da harshe guda da farashi guda, abin da ya rage kurum a buga wa majiyyaci kwafinsa. Gardamar da za ta taso ita ce ko an yi aikin ko ba a yi ba, ko ya dace a yi ko bai dace ba. Ta nawa ne kuɗinsa kuwa an riga an gama ta a majalisa. Ba kyauta Japan ta samu wannan ba. Zaman yanka farashi aiki ne mai zafi, kuma tun 1948 akwai hukumar da ke tace takardun da asibitoci ke aikowa kowane wata, da ma'aikatanta da likitocinta. Amma ta biya kuɗin ƙera mudu sau ɗaya, kowa ya auna da shi. Amurka ta bar kowa da mudunsa, ta koma tana biyan masu raba gardama a kan kowane awo.

To, mu fa? Malam, watakila ba ka sani ba, rabin abin da ka ke nema yana nan a rubuce. Ran 31 ga Yuli 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da takardar hakkokin majiyyata a Abuja, wadda hukumar kare hakkin masu saye ta shirya tare da ma'aikatar lafiya. Cikin hakkoki 12 da ta jera har da cewa a bayyana wa majiyyaci lissafinsa a fili, a faɗa masa kuɗin kome ba ɓoye-ɓoye. Yaron da ya turo mini 'yar takarda ta taga bai taɓa jin labarinta ba, ban kuwa ga laifinsa ba. Sa hannun an yi shi tuni, abin da ya biyo bayan sa hannun ne ba mu gani ba.

Na san wani zai ce, ƙasar da ɗakunan maganinta ke kukan rashin magani da wuta da likita, ina ta ga kuɗin ɗaukar masu duba takardu? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Kuma gaskiya ne in aka ɗora wa ƙaramin asibiti takardu masu yawa, albashin akawun da zai cika su a kan majiyyaci zai faɗa. Amma a tuna, a Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane ya ke fita kai tsaye. Babban baitulmalin lafiya na ƙasar nan shi ne bijimin ƙanena da akuyar maƙwabciyarka, kuma shi ne kaɗai baitulmalin da ba shi da mai bincike. Wanda ke zuba ruwa a tulu mai yoyo, kuɗin liƙe tulun ba asara ba ne.

Saboda haka ga shawarata ga masu iko, in Edita ya yarda ta isa gare su. A fara da mudu. A zaɓi ayyukan da aka fi yi, irin su kati, gado, haihuwa, awon jini, ƙarin ruwa, ɗinki da hoto, a ba kowanne suna guda, a manna farashinsu a bangon kowane asibitin Gwamnati da harshen da mutanen wurin ke karantawa. A buga rasit iri ɗaya mai layi layi, shafi guda, wanda ɗan firamare zai iya karanta wa kakarsa. Kada a kwaikwayi lambobi 70,000, ba mu da bukatarsu. Sa'an nan a rubuta albashin masu zagawa da kuɗin mansu a cikin kasafin shekara da sunansa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Tarar da za a yanka ta zama mai zafi daidai girman asibitin, kada ta zama kuɗin goro. Wurin kai kuka ya zama kyauta ga majiyyaci, gama in Amurkawa masu digiri sun gudu daga dala 350, talakanmu zai gudu daga abin da bai kai haka ba. Kuma duk abin da aka ƙiyasta na yawan masu kawo kuka, a shirya wa fiye da shi. In an gwada a asibitocin Gwamnati shekara guda an ga abin da ya ci, sai a faɗaɗa zuwa na 'yan kasuwa.

Kafin wannan rana ta zo, ku malamai da akawuna masu karanta wannan shafi, aikin yana wuyanmu. In ka raka wani asibiti, ka riƙe ɗan littafi, ka rubuta kowace allura da kowace leda da ranarta. Ka tambayi kuɗin abu kafin a yi shi in hali ya bari. Ran biya ka nemi a rarraba maka jimlar, da ladabi, ba da faɗa ba, gama wanda ke bayan taga sau da yawa shi ma bai sani ba. In ka tarar an manta ba a caje ka wani abu ba, ka faɗa, don a san gaskiya ka ke bi.

Malam, ina fata ba ka ji haushin gyaran da na yi maka ba. Dokarka ina bayanta, sai dai ina so ran da za mu roƙe ta mu roƙe ta da kuɗin cefanenta, kada a ba mu takarda ta biyu mu ajiye kusa da ta 2018. In akwai akawun asibiti cikin masu karatu, ina roƙonsa ya rubuto ya faɗa mana abin da ke hana su rarraba lissafi, da abin da zai ci kafin su iya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalam.

Ni ne naku,
Tsohon Akawu.